Fina-finan azabar mulkin soja: tabo kaɗai bai isa shaida ba

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon fili a jaridarka don jan hankalin masu shirya fina-finan gaskiya kan azabar da gwamnatocin soja suka gana wa fursunoni. Da yawansu sai su kafa kyamara a kan tabo, su sa kiɗa mai karya zuciya, su ɗauko 'yan wasa su kwaikwayi duka da ihu. To, ƙwararren mai azaba ba ya barin tabo. A Chile, bayan juyin mulkin da Janar Pinochet ya yi a 1973, a gidan tsare fursunoni na Villa Grimaldi ana ɗaure mutum tsirara a kan gadon ƙarfe, a jona masa lantarki. Fata ta warke, ciwon yana nan. Mai kallon da aka saba masa da ganin tabo sai ya zargi wanda jikinsa ke lafiya lau da ƙarya.

Abin da ke tsayar da magana shi ne wuri da takarda. A Chadi, hukumar tsaro ta shugaban ƙasar na wancan lokaci, Hissène Habré, wato DDS, ta rufe wani wurin ninƙaya a N'Djamena da siminti, ta mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. A 2001 aka gano takardun hukumar a yashe, ɗauke da sunayen fursunoni da rahotannin da ake aika wa shugaban. Da su da bakin waɗanda suka tsira aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016. Fim ɗin da ya auna faɗin ɗaki, ya ƙirga mutum nawa aka cusa, ya nuna sa hannun wanda ya ba da umarni, ya fi hawaye goma amfani.

Sai kuma tsaron mai ba da shaida, wanda ake yawan sakaci da shi. Dushe fuska bai isa ba: murya, zobe, yanayin tafiya, ko tagar da ke bayansa duk suna tona shi. A sauya muryar, a ɗauke shi gaban bango fili. Kada a matsa masa ya maimaita labarin don an rasa sauti, domin kowace maimaitawa fama ciwo ce. A nuna masa ɓangarensa kafin a saki fim, a sake neman izininsa, domin wanda ya azabtar da shi yana iya kasancewa a raye, har ma da muƙami.

Wassalam,
Wasu masu nazarin fina-finan gaskiya