Gwiwar hannu ba ta yafe ɗorin da ya kauce

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan ciwon gwiwar hannu, wanda mutanenmu suka saba jingina wa sanyi ko tsufa, alhali kuwa sau da yawa asalinsa tsohuwar karaya ce da aka ɗora ba daidai ba shekaru da dama a baya.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: ƙashin dantse daga sama, da ƙasusuwan sangalin hannu guda biyu daga ƙasa, ɗaya a layin ƙaramin yatsa, ɗaya a layin babban yatsa. Ƙarshen ƙashin dantse yana da fuska biyu. Ta ɓangaren ciki siffarta kamar kalangun da aka kwantar, gefunanta sun tasa, tsakiyarta ta tsuke, sai ƙashin layin ƙaramin yatsa ya rungume ta da wani lanƙwasashen baki da ya dace da ita daram, kuma a nan ne hannu yake lanƙwashewa yana miƙewa. Fuskar waje dunƙulalliya ce, kan ƙashin layin babban yatsa, mai ɗan kwarmi, yana zaune a kanta yana juyawa. Wannan juyi ne yake ba mutum damar kifa tafin hannunsa a ƙasa lokacin sujada, ya kuma ɗaga shi sama lokacin addu'a. Duk waɗannan fuskoki guringuntsi mai santsi ne ya lulluɓe su, suna cikin jaka guda mai ɗan ruwa mai yauƙi. Guringuntsin nan ba shi da jijiyar jini, shi ya sa idan ya lalace ba ya komawa yadda yake.

Lafiyayyar gwiwar hannu tana lanƙwashewa har wajen digiri 145, idan aka fara ƙirge daga hannu a miƙe sarai. A shekarar 1981 likita Bernard Morrey da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa yawancin hidimomin yau da kullum suna bukatar daga digiri 30 zuwa 130 ne kawai. Wannan ne ya sa mutum kan rasa wani ɓangare na motsin hannunsa bai ankara ba, sai ranar da loma ta ƙi kaiwa baki, ko shafar kai a alwala ta gagara.

Amosanin da ke zuwa haka kawai, ba tare da wani rauni ba, bai cika kama gwiwar hannu ba kamar yadda yake kama gwiwar ƙafa da ƙugu, domin ba ita ke ɗauke da nauyin jiki ba. Inda ya faru, galibi a hannun da aka fi aiki da shi ne, wajen maza masu aikin ƙarfi irin su maƙera da masu faskare da masu fasa dutse. Idan hannu yana miƙe aka dafa abu, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin ta fuskar waje yake bi, kuma guringuntsin wannan ɓangare ne ya fi saurin cinyewa. Ta ɓangaren ciki kuwa, abin da aka fi gani shi ne tsiron ƙashi a bakin gaɓar, gaba da baya, wanda ke tokare hannun. Saboda haka mai irin wannan lalura zai ce maka ba ya jin komai a tsakiyar motsi, amma da ya ɗauki bokitin ruwa hannun ya miƙe sarai, sai ya ji an soke shi. Tsiron kan danne jijiyar da ta ratsa ta bayan gwiwar daga ciki, wadda idan ta bugu mutum kan ji zirr har yatsu, sai ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi su riƙa mutuwa. Akwai kuma amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, mai kama gaɓoɓi da yawa a hannu biyu, da kuma tarin fuka da ke shiga gaɓa, kowanne da maganinsa daban.

Abin da ya fi damuna shi ne karayar da ta ratsa cikin gaɓar. Karaya a tsakiyar dogon ƙashi tana iya haɗewa da ɗan karkacewa mutum ya ci gaba da harkarsa, kuma ban musa cewa masu ɗorin gargajiya sun daɗe suna taimakon jama'a a irin wannan ba. Amma fuskar gaɓa ba ta jure ko da tudun milimita biyu ko uku, domin duk motsin da aka yi tudun nan yana kankare guringuntsin da ke fuskantarsa, kuma babu hannun da zai iya lalubo shi ta kan fatar da ta kumbura, komai gwanintar mai shi. Bayan haka gwiwar hannu tana saurin sandarewa. Idan aka ɗaure ta fiye da mako uku babu motsi, dawo da ita yakan zama aiki ja, murzar ƙarfi da ake yi mata daga baya don ta miƙe kuma tana iya ƙara ɓarna.

Yara sun fi shiga haɗari, musamman 'yan shekara 5 zuwa 7 da ke faɗowa daga mangwaro ko katanga su dafa ƙasa da hannu a miƙe. Ƙashin dantse kan karye dab da gaɓar, inda babbar jijiyar jini ta ratsa. Idan aka jera kara aka ɗaure tamau a kan kumburi, jini kan daina isa naman sangalin, cikin sa'o'i kaɗan naman ya mutu, yatsun su ƙanƙance har abada. Iyaye su lura: yatsu sun yi sanyi ko sun yi fari, yaro yana ihu idan an miƙar masa da yatsa, to a kwance ɗaurin a nufi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ina kira ga masu ɗori, waɗanda da yawansu gadon sana'ar suka yi kuma mutane ke jin maganarsu, da su riƙa neman hoton ƙashi kafin su taɓa duk raunin da ke gwiwar hannu, su kuma tura wanda karayarsa ta shiga gaɓa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa. Ma'aikatun lafiya na jihohinmu su tabbata injin ɗaukar hoto yana aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Wanda kuma ciwon ya riga ya kama, ya daina dogara da haɗin ƙwayoyin kashe zafi da ake sayarwa a ƙulle a leda, domin yawan shan su yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Ya je a duba shi, saboda gashin ƙashi yana taimakawa, tsiron da ya tokare hannu ma ana cire shi da tiyata.

Naka,
Wani mai karatunku daga Kano