Kan girgizar sitiyarin motocin shiga daji: a duba ƙafa kafin a sayi damfa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan kukan da masu manyan motocin shiga daji suke yi, wanda kuka taɓo a filinku na motoci. Mota tana tafiyarta lafiya lau a kan kwalta, ta taka ɗan rami ko mahaɗar gada, sai sitiyari ya kama kaɗawa hagu da dama yana neman ƙwacewa daga hannun direba. Shawarar da aka ba masu tambaya ita ce su canza damfar sitiyari, wato ƙaramar shokazobar da ke rage wa sitiyari bugun hanya. A nan nake da ja. Na daɗe ina tuƙa irin waɗannan motoci, na kuma sha kwanciya a ƙarƙashinsu, kuma abin da na gani shi ne wannan shawara tana kwantar da hankalin mai mota na ɗan lokaci ne, ciwon kuwa yana nan yana ci.

Ba kowace rawar sitiyari ake nufi ba, kuma cakuɗa su da ake yi shi ke sa mutane sayen kayan da ba su buƙata. Akwai wadda ke zuwa a hankali idan gudu ya kai wajen kilomita 90 zuwa 110 a awa, hannu ya riƙa jin tsuma, in ka ƙara wuta ko ka rage sai ta lafa. Wannan galibi taya ce ke neman balansin, ko wili ya lanƙwashe, ko laka ce ta bushe a cikin wilin bayan an fito daga daji, wadda wanki kawai ke maganinta. Wata kuma sai an taka birki take tasowa, faifan birki ne ya ci ba daidai ba. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Wadda ke firgita mutane ba ta sallama. Taya ɗaya ta daki wani abu, ƙafafun gaba biyu su shiga kaɗawa tare da ƙarfi, bonet na rawa, madubi na rawa, abin da ke kan dashbod ya zubo ƙasa, kuma ba ta tsayawa don kanta sai ka rage gudu sosai, wani lokaci ma sai ka tsaya cak. Ita ce Amurkawa ke kira girgizar mutuwa.

Abin da ya sa ta fi addabar motocin daji yana cikin ƙirarsu. A ƙananan motoci kowace tayar gaba da ƙafarta, in ɗaya ta faɗa rami babu ruwan ɗayar. Su kuwa irin su Jeep Wrangler, da Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984, da Suzuki Jimny, da tsohuwar Land Rover Defender, da manyan a-kori-kura masu jan ƙafa huɗu na Ford da Ram, tayoyin gabansu biyu a kan aksil guda suke, wato ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su. Ba rashin wayo ya sa aka yi haka ba. Aksil guda yana da ƙarfi, yana jure kaya, ba shi da wuyar gyara, kuma idan taya ɗaya ta hau dutse sai ɗayar ta ƙara danne ƙasa. Sai dai duk bugun da taya ɗaya ta sha, 'yar'uwarta ta ji shi. Wasu sun riga sun rabu da wannan tsari: Mercedes G-Class ta 2018, da sabuwar Defender ta 2020, da Ford Bronco ta 2021 duk sun fito da ƙafar gaba mai zaman kanta. Ni kam har gobe aksil guda na fi so a cikin jeji, amma son da nake masa bai hana ni sanin inda yake da rauni ba.

Raunin yana wurin da aka ɗaure aksil da shasi. A motocin da ke kan sifirin na naɗi, akwai hannuwa da ke riƙe aksil kada ya yi gaba ko baya, sannan akwai sanda ɗaya da ta gitta, kanta ɗaya a jikin shasi, ɗaya a jikin aksil. Ita ce sandar Panhard, kuma ita ke hana aksil zamewa gefe. Kusa da ita akwai wata sandar da ta taso daga akwatin sitiyari zuwa taya. To akwatin sitiyari a jikin shasi yake, ba ya motsi. Idan sandar Panhard ta yi ɗan sako-sako har aksil ya gusa gefe, ko da kaɗan ne, tayoyin za su juya da kansu alhali direba bai murɗa komai ba. Taya ta kama ƙasa ta mayar da aksil ɗaya gefen, ya zarce, ta sake dawo da shi, kowane bugu na ƙara wa na bayansa ƙarfi. Ramin da ka taka tayar da abin kawai ya yi. Abin da ke ciyar da shi wasan da ke cikin ƙafar ne: bushin (robar da ke cikin gaɓoɓin ƙafa) da ya mutu, bolti da bai ɗauru ba, kan tayarod (sandar da ke juya tayoyi) da ya ci, bol-joyin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta) da ya saki, boris ɗin taya da ke wasa. Sau da yawa ma ba ɗaya ba ne, ɗan wasa ne nan da can suka haɗu suka yi yawa.

Ita damfar sitiyari ƙaramar shokazoba ce da aka kwantar a gicciye, aikinta ta shanye bugun hanya kada ya iso hannun direba. Tana da amfani, kuma in ta yi yoyon mai ko ta saki, lallai a canza ta. Amma ba ta ɗaure bolti, ba ta raya mataccen bushin. Sabuwar damfa mai tauri tana iya danne girgizar har mai mota ya yi zaton ya rabu da ita, alhali ƙarfen da ke wasa yana nan yana cin ɗan'uwansa, ita ma damfar tana shan wahalar da ba tata ba har ta mutu da wuri. Ran da ta gaji girgizar ta dawo, yanzu kuma da ƙarin ɓarna. Wasu har biyu suke ɗaurawa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Kada a ce ra'ayin masu gareji ne kawai, maganar ta daɗe a gaban hukuma da kotu. A 2012 'yan majalisar wakilan Amurka biyu, Anna Eshoo da Henry Waxman, sun rubuta wa hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA, suna neman bayani kan koke-koken masu Jeep Wrangler, amma ba a kai ga janye motocin ba. A ƙarshen 2018 kamfanin Fiat Chrysler mai ƙera Jeep ya kira wajen sabbin Wrangler 18,000 su dawo gyara, saboda waldar ƙarfen da ke riƙe sandar Panhard a jikin shasi ba ta zauna daidai ba. Wannan ya isa ya nuna wa mutum muhimmancin sandar nan. A 2019 masu motocin suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a jihar Michigan ta Amurka, a shekarar kuma kamfanin ya fara sanya wa motocin sabuwar damfa kyauta, yana mai cewa matsalar ba ta barazana ga rai ba ce. Daga baya aka sasanta a kan ƙarin garanti na shekara 8 ko mil 90,000, wato wajen kilomita 145,000, a kan damfar Wrangler ta 2018 zuwa 2020 da a-kori-kurar Jeep Gladiator ta 2020. Ford ma an kai shi kotu a 2019 kan irin wannan girgiza a manyan motocinsa F-250 da F-350. Ban ce duk abin da masu ƙara suka faɗa gaskiya ne ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma idan sabuwar mota fil wadda ba a taɓa mata ko noti ɗaya ba ta yi wannan girgiza, ba mai ita ya kamata ya amsa tambaya ba. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne su kai mota, a zagaya da ita a kan lafiyayyar kwalta a hankali, a dawo a ce musu ba a ga komai ba, ko a ce ai haka irin motar take.

Mu ma masu motoci muna da namu kason. Mutum zai ɗaga mota sama don ta yi kwarjini, ya sa mata ƙattin tayoyi, ya tsaya nan. Ɗagawar tana juya aksil, ta rage kwanciyar da aka yi wa ƙafar gaba, wadda ita ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Tana kuma jan aksil gefe ɗaya, ta karkatar da sandar Panhard da sandar sitiyari har su daina tafiya a jere, sai kowane tudu ya riƙa murɗa sitiyari. Babbar taya kuma nauyi ce a kan bol-joyin da tayarod da aka auna don ƙarama. Ga masu cika iska har lambar da ke jikin taya, alhali wannan iyaka ce, abin da motar ke so yana rubuce a bakin ƙofar direba ko a littafinta. Wanda zai ɗaga mota ya ɗaga, amma ya haɗa da hannuwa da sandar da ake iya daidaitawa, ya kai ta alaimen wurin wanda ya san aksil guda.

Gano inda wasan yake ba ya buƙatar kwamfuta, mutum biyu da tocila sun isa. A ajiye motar a wuri mai daidai, tayoyi a ƙasa, nauyinta a kanta, an ja birkin hannu. Ɗaya ya zauna ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama ba tsayawa, ɗayan ya leƙa ta gaba yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Ido yana gani, amma hannu ya fi shi: ɗora tafinka a kan gaɓa, ka kiyaye yatsunka daga inda ƙarfe ke haɗuwa, za ka ji wani ɗan ƙwas idan ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya biyo. Na taɓa duba wata da mai ita ya rantse an ɗaure komai. Daga waje boltin sandar Panhard tsaf yake, sai dai wani jan gari na tsatsa da ya zagaye kan wosha, ga kuma ƙarfen wurin ya goge yana ƙyalli. Da muka zare shi, ramin da ya kamata ya zama zagayayye ya riga ya buɗe ya yi tsawo, jikin boltin kuma ya ci har ya yi wuya. Irin wannan ko ka ɗaure da duk ƙarfinka zai sake saki, sai an yi wa ramin faci da walda ko an canza ƙarfen. Bayan nan a ɗaga kowace taya da jak, a sa abin tokara, a kama ta sama da ƙasa a jijjiga, don a ji boris da bol-joyin. Idan an zo ɗaurewa a yi da sifana mai awo, daidai ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Boltin da ya ratsa bushin na roba kuma kada a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye, sai an sauke ta ta zauna a kan ƙafarta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Wannan ɗan abin makanikai da dama suna tsallake shi don sauri.

Wanda abin ya kama a kan hanya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da kokawa da shi ba, ya ɗage ƙafa daga totur, ya rage gudu sannu a hankali, kada ya danna birki da ƙarfi, ya sa sigina ya gangara gefe. Masu cewa a ƙara wuta a wuce ta, kada a saurare su. In ka tsaya ka leƙa ƙarƙashi, domin girgizar kanta tana iya tsinka abin da ya riga ya yi rauni, kuma duk lokacin da ta faru tana ƙara buɗe wasan da ya haifar da ita.

Mai kai ƙorafi kuma ya je da hujja. Ya rubuta gudun da yake yi, da irin wurin da ya taka, da ko ana sanyi ko zafi, da yawan kayan da ya ɗauko. In da fasinja, shi ya ɗauki bidiyon sitiyarin, ba direba ba. Ya nemi a rubuta kokensa a takardar aiki ko da an ce ba a ga komai ba, ya riƙe kwafi, domin takardun nan hujja ce a hannunsa. Mai sayen ta hannu kuma ya ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ya duba a shafin kamfanin ko an taɓa kiran motar gyara kuma ko an yi.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ku sake waiwayar amsar da aka bayar. Ku nemo makanike da ya san aikin ƙafa, ya nuna wa masu karatu gwajin nan na kaɗa sitiyari da hotuna, gaɓa bayan gaɓa, a kuma gaya musu a fili cewa damfa ita ce ta ƙarshe da za a saya, bayan an tabbatar babu abin da ke wasa.

Na gode da wannan dama.

Naku,
Wani mai karatu, tsohon direban motocin daji