Idan an hana ka ganin 'ya'yanka bayan kotu ta yi hukunci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan abin da ke ci wa iyaye da yawa tuwo a ƙwarya a nan Katsina. Aure ya mutu, alƙali ya ba ɗaya riƙon yara, ya ba ɗayan damar ganinsu, amma ranar ganin ta zo sai a ce sun tafi Islamiyya, ko suna barci, ko a kashe waya.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na Shari'a ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare, riƙon yakan koma hannun mahaifiyarta, ba kai tsaye hannun uba ba kamar yadda mutane ke zato. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba ko ina yaran suke. Riƙo bai ba kowa ikon raba yaro da ɗaya mahaifin ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa. Kuma wannan zalunci ba na ɓangare guda ba ne: akwai matan da ke ɓoye yara, akwai mazan da ke karɓe yaro daga yaye, uwa ta shekara ba ta sa shi a ido ba.

Wanda aka hana, ya fara zuwa wurin rajistaran kotun da ta yi hukuncin, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ya karɓi kwafin hukunci mai hatimi tare da rasit. Sai ya zauna ya karanta da kyau. A nan ne matsalar take ɓuya. Hukunci da yawa iyakar abin da suke cewa shi ne "uba yana da damar ganin 'ya'yansa". Yaushe? A ina? Wa zai kawo, wa zai mayar? Alƙali ba zai iya kama mutum da laifin saɓa umarnin da bai faɗi rana ko wuri ba. In naka haka yake, ka roƙi kotu ta fayyace: wace rana a mako ko a wata, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kwana nawa a hutun makaranta, wa ke da ƙaramar Sallah, wa ke da babba, wa zai biya kuɗin mota in yaran suna Daura uban yana Katsina.

Maganar wuri ta fi komai jawo rigima. Matar da ta yi sabon aure, tsohon mijinta ba zai je ya tsaya a zauren wani yana sallama ba, mai gidan ma ba zai so ba. Haka ita ma ba ta jin daɗin shiga gidan da ta bari, ga amarya a ciki. Sai a sa gidan kaka ko na wani dattijo da duka biyun suka yarda da shi, a rubuta sunan wanda zai riƙa kai yaran da ɗauko su.

Daga nan sai hujja. Duk ranar da aka hana ka, rubuta kwanan wata da lokaci da abin da aka ce maka. Ka je da mutum biyu masu mutunci da za su iya tsayawa gaban alƙali, ba 'yan rakiyar faɗa ba. Saƙonnin WhatsApp da na tes kar ka goge, kuma kai ma ka san irin abin da kake rubutawa, don zagin da ka tura da dare za a karanto shi a kotu da rana.

Abu biyu ne ke kayar da mai gaskiya. Na farko, uba ya ce tunda an hana shi gani, shi ma ya daina ba da kuɗin ciyarwa. Haƙƙin yaro ne ya danne, kuma ya shiga kotu a matsayin mai laifi shi ma. Ka ci gaba da biya ta banki ko ta hannun kotu, ka adana shaida. Na biyu, zuwa makaranta a ɗauke yaro ba da sanin mai riƙo ba. Wannan yana iya mai da maganar iyali ta zama ƙarar laifi, ga firgicin da yaron zai kwana da shi. Kai ƙara ofishin 'yan sanda ma ba ya warware komai, don ba su ne suka yi hukuncin ba.

Kafin a koma kotu, a gwada sulhu ta hannun waliyyai, mai unguwa, liman ko Hisba. In an daidaita, a rubuta, a sa hannu, a kai wa alƙali ya shigar da shi cikin hukunci. In an ƙi, sai a koma kotun da ta yi hukuncin, a nemi sammaci kan saɓa umarni. Alƙali na da ikon jan kunne da hukunta mai raina kotu, kuma in hanin ya zama ɗabi'a, ana iya roƙonsa ya sake duba riƙon. Haka in mai riƙo za ta ƙaura da yaran zuwa gari mai nisan baridi shida, wato sama da kilomita 100, fiƙihu ya ba waliyyin yaran, wato uba ko wanda ke matsayinsa, bakin magana. Wanda hukuncin bai gamsar ba yana da hanyar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin irin waɗannan shari'o'i. Wa'adin gajere ne, a tambayi rajistara tun ranar hukunci. Mara ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Roƙona ga Alƙalin Alƙalai na jiha shi ne ya umarci kotuna su daina rubuta hukuncin ganin yara a dunƙule, kuma kowane hukunci ya zo da ranar da za a dawo gaban alƙali, ko da bayan wata 3 ne, a ji ko an bi shi.

Wassalam.

Mai bibiyar shari'o'in iyali,
Ƙofar Ƙaura, Katsina