Ga uwar da ta tambaye ni ko ɗanta ya rama

Ƙanwata a cikin Ubangiji,

Ranar taron Zumuntar Mata kin miƙe a gaban kowa kin ce ɗanki mai shekara 11 ya dawo daga makaranta da shatin bulala a gadon baya, wai ya saci kuɗin ɗan ajinsu, alhali ko gani bai yi ba. Kika ce, "Mama, in ce masa ya juya ɗaya kuncin, ko in ce gobe ya tare yaron da ya yi masa ƙazafi ya rama?" Lokaci ya ƙure mana ranar, na ce miki ki yi haƙuri kawai, na kuwa koma gida amsar tana cina. Ga abin da ya kamata in faɗa.

Kada ya rama. Wannan kam babu ja, Romawa 12:19 ta ce ramako na Ubangiji ne. Amma kada ki ce masa ya yi shiru. Mu iyaye mun daɗe muna cakuɗa haƙuri da shiru, har yaranmu suka ɗauka Kirista shi ne wanda ake takawa ya ce na gode. Buɗe masa Yahaya 18, ku karanta tare. Da wani ɗan tsaro ya mari Yesu a gaban babban firist, Yesu bai ɗaga hannu ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya ce in ya yi muguwar magana a kawo shaida, in kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi? Shi ne fa wanda ya koyar da juya kunci a Matiyu 5. Bulus ma, da aka yi musu bulala shi da Sila a Filibi ba tare da shari'a ba, gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a asirce, ya ce atafau sai dai su zo da ƙafarsu su fitar da su. Suka kuwa zo, suna ba da haƙuri.

Sai dai, ƙanwata, aya ba ta zama a zuciyar yaro in abin da yake gani a tsakar gida ya ƙaryata ta. Na ga haka a gidana. Wata Lahadi ina rabon nama, na ba 'ya'yana tsoka bibbiyu, yarinyar da muke riƙo na jefa mata ƙashi a kan tuwo. Autata, lokacin ba ta fi shekara bakwai ba, ta dubi kwanon ta ce, "Mama, ita ba ta je sujada tare da mu ba ne?" Cokalin ya yi mini nauyi a hannu. Tun daga ranar muka kafa doka: wanda ya raba, shi ne na ƙarshen ɗauka. Haka in na doki yaro bisa kuskure, nakan kira shi a gaban ƙannensa in ce na yi laifi, ya gafarta mini. Surukata ta ce ina zubar da girmana. Har yau dai girman nan bai zube ba.

Akwai kuma abin da ya fi wuya a ƙasarmu: yaro ya gane cewa adalci ba na 'yan cocinmu kaɗai ba ne. In kina tsine wa azzalumi ne kawai lokacin da namu aka taɓa, ɓangaranci kike koya masa da sunan bangaskiya. Ki ba shi labarin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. Ki ba shi na Fasto James Wuye na Kaduna, da ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, daga baya ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda a dā suke farautar juna, suna yawon sasanta garuruwa. Sa'an nan ki tambaye shi: in gobe aka ɗora wa Musulmin ɗan ajinku sata, kai kuma ka san bai yi ba, me za ka ce?

Yanzu batun makaranta. Ki je ranar Litinin, ki tafi da shi, kada ki bar shi a gida. Ki gai da shugaban makaranta cikin ladabi, ki bar yaron ya faɗi abin da ya faru da bakinsa, ko muryarsa tana rawa. Ki tambayi wa ya ga ya ɗauka. Ki nemi a wanke sunansa a gaban ajin da aka kira shi ɓarawo. In an ce ki dawo, ki koma, kamar gwauruwar nan ta Luka 18 da ta ishi alƙali da zirga-zirga. Da dare kuma ku yi wa yaron da ya yi ƙazafin addu'a, ku ambaci sunansa. Ɗanki zai ɓata rai, ki ƙyale shi, ya ce amin ko da can ƙasan maƙoshi ne.

In maigidanki ba ya gari, ki biyo ta gidana da ƙarfe bakwai da rabi, zan raka ku.

Taki a cikin Kristi,
Mama