Godiya ga Shagon da Ya Sayar Mini da Tsohuwar Bindigar Soja a Winnipeg

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa, musamman dattijon da ke ɗakin gyara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, da Hausa kuma, domin 'yan uwanmu mazauna Manitoba masu sha'awar farauta su san inda za su dosa. Na taso a Bauchi cikin gidan maharba, amma bindigar toka kaɗai na sani, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da na samu lasisin mallakar bindiga da ake kira PAL daga 'yan sandan tarayya na RCMP, bayan kwas ɗin kiyaye haɗarin bindiga da jiran kwana 28 da doka ta ɗora wa sabon mai nema, kuɗin da ke hannuna ba su kai na sabuwar bindiga ba. A haka na shigo wurinku.

Abin da ya fara burge ni, ba ku yi mini kallon baƙo ba. Baƙar fata mai gemu ya shiga shagon bindiga, da yawanmu muna ɗari-ɗari da wannan, kuma ba a banza ba. Ku kuwa tambayata kuka yi abin da zan farauta da irin dajin da zan shiga. Da na ce barewar nan mai farar wutsiya ce, a cikin kurmi inda harbi ba ya nisa, sai saurayin da ke kan kanta ya wuce masu tsadar da ke rataye, ya ɗauko mini Lee-Enfield No. 4.

Baba mai gyara, kai ne ka fi cancantar wannan wasiƙa. Ka karɓi bindigar daga hannun yaron, ka ce ba za ta bar shagon ba sai ka duba ta a gabana. Ka nuna mini rubutun da aka buga a gefen hagu na ƙarfenta, Long Branch 1943, ka ce a wata masana'anta kusa da Toronto aka ƙera ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ka zare sakatar, ka haska fitila ta cikin bututun, ka sa na leƙa da idona na ga layukan da ke murɗa harsashi ba su side ba, tsatsa kuma ba ta ci cikin ba. Daga nan ka ɗauko ɗan ma'aunin ƙarfe ka zura, ka gwada rufe sakatar a hankali da yatsa biyu. Ka bayyana mini cewa idan tazarar da ke tsakanin kan sakata da gindin harsashi ta yi yawa, kwanson yana iya tsagewa a ciki, iskar wuta ta dawo wa mai harbi a fuska. Kan sakatar wannan samfuri lamba-lamba ne, daga 0 zuwa 3, ana sauyawa idan ya ci. Bindigar farko da aka ɗauko mini ba ta gamsar da kai ba, ka mayar da ita ciki ka kawo wata, alhali da ka yi shiru ba zan taɓa ganewa ba. Wannan ita ce amana, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Kun kuma hana ni sayen tsohon harsashin soja mai araha da na hango a akwati. Kun ce mai sulken ƙarfe ne, yana ratsa dabba ya wuce ba tare da ya kashe ta nan take ba, ta gudu ta je ta mutu da wahala a inda ba a gani. Wasu tsofaffin ma suna barin gishiri a bututu, sai an wanke da ruwan zafi ranar da aka harba. Kuka ba ni harsashin .303 mai taushin kai, wanda aka yi don farauta. A matsayina na Musulmi wannan ya kwanta mini, domin mu ma an hore mu da kada a azabtar da abin da za a ci.

Ina da wani dalili na son wannan bindiga. Dangin Lee-Enfield ne sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi a Bama, kuma kakana yana cikin mazan jiyan da suka dawo. Da na faɗa wa Baba haka, sai ya ajiye aikinsa ya saurara, sannan ya ce dakarun sa-kai na Canadian Rangers da ke sintiri a arewacin ƙasar nan sun riƙe irinta tun 1947 saboda ba ta ƙin tashi komai tsananin sanyi, sai a 'yan shekarun nan aka sauya musu da wata sabuwar bindiga mai suna C19. Tawa tana da nauyi, kilo huɗu ne da ɗoriya, kafaɗa tana ji idan an wuni da ita. Amma gidan harsashinta yana cin goma, sakatarta kuma santsi gare ta.

Ga masu karatu a gida, kada a ɗauka abin ɗaya ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin haramtattu ga farar hula. A nan ma ba sakaka ake yi ba. Kafin ku miƙa mini ita sai da kuka tabbatar da lasisina a wurin hukuma kuka karɓi lambar shaida, kuka haɗa mini da kwaɗon kulle kunama, kuka tuna mini da riga da hula masu ruwan lemo da ake sawa a daji.

A watan Nuwamba na fita da ita, na yi bisimilla na harba, Allah ya ba da sa'a. Naman ya zaga gidajen 'yan uwa, har da kilishi muka yi. Baba, rabonka yana nan a firji, zan kawo maka ranar da zan zo a duba mini saiti.

Allah ya ƙara kasuwa, ya ja da ranka.

Naku,
Wani maharbi ɗan Bauchi, mazaunin Winnipeg