Hannun Hagu Ya Ƙi Yin Raɗa

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Kwana biyu shiru, laifina ne. Ka tambaya ko har yanzu ina taɓa gangunan nan. Ina taɓawa mana, sai dai wata uku ke nan wani kiɗa guda ya hana ni sakat, wanda ake ce wa shafil.

A baki ba shi da wuya. Kowane bugu ka raba shi uku, ka kaɗa na farko da na uku, ka tsallake na tsakiya. Shi ya sa yake fita kamar tafiyar mai ɗingishi, dogo da gajere, dogo da gajere. Na ce ai sati guda ya ishe ni. Ashe ba haka ba ne! Da na ɗan ƙara sauri sai hannun dama ya miƙar da ɗingishin, bugun ya koma daidai wa daida kamar na agogo. Ban ma lura ba sai da na ɗauki kaina a waya na saurara. Ni kaɗai ne a ɗaki amma sai da kunya ta kama ni.

Dole na mayar da metronom, wato na'urar da ke ƙirga saurin bugu, kan bugu 60 a minti, ina ƙirga ukun nan da baki, har hannu ya saba.

Inda na ji jiki shi ne salon Bernard Purdie, makaɗin nan na Amurka da har aka laƙaba wa kiɗan sunansa. Daga wurinsa da makaɗin Ingila John Bonham ne Jeff Porcaro, makaɗin ƙungiyar mawaƙa ta Toto, ya ɗebo nasa, wanda ya fito a 1982. A wannan salon, bugu mai ƙarfi na ƙaramar ganga sau ɗaya yake sauka, a kan na uku cikin kowane bugu huɗu. Gurbin tsakiyar nan da hannun dama ya tsallake kuwa, hagu ke cike shi da ɗan bugun raɗa, kan sanda ba ya tashi sama da inci guda daga fata. To hannuna na hagu bai iya raɗa ba, mutumina, ihu kawai ya sani. Mafi tsanani ita ce raɗar da ke bin bugu mai ƙarfin nan take. Sai ka sassauta riƙo, ka bar sandar ta sake faɗuwa da kanta. Ni kuwa damƙe ta nake yi kamar za a ƙwace mini, har gindin babban yatsa ya yi tsami.

Yanzu na cire gangar ƙafa gaba ɗaya, hannaye biyu kawai nake horarwa, minti ashirin kullum. Jiya na riƙe shi minti biyu cur a kan 75 bai wargaje ba. Zan turo maka muryar, ka sa abin kunne ka gaya mini gaskiya, raɗa kake ji ko har yanzu ihu ne?

A gaida mutanen gida.

Naka,
amininka