Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayenmu mata da maza, yayye da ƙanne, mambobin ƙungiyarmu ta masu sarrafa kayan abinci a Maraɗi. Wannan rahoto ya kamata ya iso hannunku tun ƙarshen watan Disamba. Ya makara ne don ma'aji ya ce ba zai rufe littafi ba sai ya ga iyakar waɗanda suka yi alkawarin biyan bashin kuɗin wata, ni kuma ba zan rubuta rahoto a kan littafin da ba a rufe ba. Mun jira, wasu sun kawo, mafi yawa ba su kawo ba. Duk wanda ke tambaya a zauren WhatsApp ina rahoto, ga shi.

Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, ban da na Satumba da ambaliya ta hana.

Maganar kuɗi zan fara da ita, don ita ce ta ɗaure duk sauran. Kuɗin wata jika ɗaya ne, wato sefa dubu, kuma ku da kanku kuka yanke shi a babban taro, ba buro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, ya ɗora muku ba. A cikin sunayen da ke rubuce a littafi, waɗanda suka biya shekara cif ba su kai rabi ba. Akwai wanda rabonsa da biya tun kafin azumi. Mun ji uzuri kuma mun san gaskiya ne kasuwa ta sha wuya: tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakarmu da Najeriya ta kasance rufe, wuta ta yi ƙaranci, leda da kwalba da muke sarowa daga Kano suka yi tsada, sai a watan Maris na 2024 hanyar Ɗan Isa mai zuwa Najeriya ta buɗe. To amma wahalar nan kowa ta taɓa. Matan da ke soya ƙuli-ƙuli a Bagalam, waɗanda jarinsu bai kai na wasu kashi ɗaya cikin goma ba, su ne ba su taɓa tsallake wata ba. An ce zuwa wurin ma'aji yana da nisa, aka ba da lambar da za a turo ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Amana. Har yanzu shiru. Ni da ma'aji ba albashi muke ɗauka ba, man babur ɗin da muke ƙonawa wajen bin gida gida daga aljihunmu yake fita, kuma abin da ciwo a ce mutum ya ga lambarka ya ƙi ɗaukar waya saboda jika ɗaya.

Babban aikin da kuka ɗora mana a farkon shekara shi ne tambari guda da za a riƙa mannawa a kan kayan kowa, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin zogale, yaji, aya da kilishi, don mai saye ya gane mu ko ina ya gan mu. Wasu sun so a buga takardun nan take. Buro ya ce a'a, a fara tambayar masu saye, kuma har gobe ina ganin wannan ce shawara mafi kyau da muka yanke. Ƴaƴan mambobi da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su suka tsara mana tambayoyin kyauta, Allah ya yi musu albarka. Tsarin ba wuya. Da farko ba a nuna wa mace komai, sai a ce mata: in za ki sayi man gyaɗa, wane suna ne ke fara zo miki a rai? Abin da ta faɗa da kanta shi ne ainihin wanda ya zauna mata. Bayan nan a nuna mata kwalabe iri iri har da tamu, a ce wanne kika taɓa gani? Sai tambaya ta uku, a ina kika gan shi ko kika ji shi? Yaran sun dage cewa kada a tambayi dangi ko maƙwabta, don za su faɗi abin da zai faranta mana, kuma kada a tsaya unguwa ɗaya. An zaga Mokoyo, Zariya, Sabon Gari da Ali Ɗan Tsoho, aka kuma tsaya bakin babbar kasuwa ranakun Litinin da Juma'a don a samu mutanen ƙauye.

Abin da aka samo bai yi wa wasunmu daɗi ba. Kusan babu wadda ta ambaci sunan ƙungiya da kanta. Abin da ake ji shi ne "na Hajiya ta bayan masallaci", ko "mai jan murfin nan". Sunayen da ke fitowa da sauri na kayan kamfani ne masu shigowa daga ƙetare, waɗanda ake ji a rediyo kullum. Amma da aka nuna kwalba, mata da yawa sun gane ta, har wata ta shiga ɗaki ta fito da irinta da ta zuba kananzir a ciki. Ma'ana kayanmu sun shiga gidaje, sunanmu ne bai shiga ba. Mai saye tana riƙe mutum da kala, ba ta riƙe dogon suna da faransanci. In Hajiyar nan ta tashi daga unguwa, cinikin ya tashi da ita, sauran mambobi ba su ci komai ba.

Kan wannan aka zana takarda iri biyu. Ɗaya fara ce mai rubutun faransanci kamar na kayan kanti, ɗaya ja mai hoton gyaɗa da ɗan gajeren suna da boko da ajami. An ajiye su a shaguna biyu, man iri ɗaya, kuɗi ɗaya. Bayan sati biyu aka musanya, farar ta koma inda jar take, don kada a ce wuri ne ya sa. A duk shagunan biyu jar ce ta fi fita. Wanda ya fi kowa ja da ajami a taron Afrilu ya zo da kansa ya ce ya yarda, kuma mun gode masa. Wannan jar takarda ita ce kuke gani yanzu.

Tallar rediyo kuma, na san ana maganganu. An biya kuɗin sanarwa a wata tasha ta gari gab da ƙaramar salla, lokacin da ake sayen mai da yaji sosai, kuma an zaɓi bayan buɗa-baki don mata na gida. Sharaɗin da aka yi shi ne kowane mamba ya karɓi ƙaramin littafi, duk sabon mai saye da ya zo a tambaye shi ina ya ji labarinmu, a ja layi ɗaya a ƙarƙashin rediyo, ko waya, ko bakin mutane. Ko wanda bai yi boko ba zai iya jan layi. Littattafan da suka dawo da rubutu ba su cika hannu ɗaya ba, wasu ma an yage su an ƙunsa yaji. Yanzu kuma mutanen da ba su ja ko layi ɗaya ba su ne ke cewa an zubar da kuɗi a rediyo. Da me za a auna? A ɗan abin da ya dawo, saƙon murya na WhatsApp da mata ke turawa junansu ya fi yawan layi, shi kuma ko dala ba ya ci in ban da kuɗin intanet. Saboda haka ba mu sake biyan rediyo a babbar salla ba.

Abubuwa biyu ba su kammalu ba, kuma ina so a san dalili. Na farko rajistar tambari. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na hukumar OAPI mai rajistar tambarin kaya, mai mazauni a Yawunde, rajista ɗaya tana kare tambari a dukkansu har shekara 10, sannan a sabunta. Ta wannan hukuma ce aka kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi. Mun haɗa takardu, mun tambayi yadda ake bi ta Yamai, kuɗin ajiye takardun ne babu a asusu. Da an biya bashin kuɗin wata ko da rabi ne, da yanzu takardunmu sun tafi. Kowa ya sani, muddin ba a yi rajista ba, wani na iya ɗaukar hoton gyaɗar nan ya buga a kan nasa man, ba mu da bakin magana. Na biyu babban allon talla da aka ce a kafa a hanyar Ɗan Isa. An ba mai walda kafin alƙalami, sai ga ruwan 30 ga Agusta da ya yi ɓarna a gari, ya ci rayuka, ya rushe gidaje, har da na mambobinmu. Buro ya zauna ya juya sauran kuɗin allon zuwa gudummawa gare su. Ba a ɓoye aka yi ba, an faɗa a zaure, kuma in aka sake komawa ranar haka za mu sake yi. Ƙarfen yana nan ajiye wurin mai walda.

Yanzu bari in zo ga abin da ya wanke mana zuciya, wato ranar ɗanɗano da muka yi bayan kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa ta shigo. Wanda bai zo ba ya yi asara. Tun asuba mata suka share fili, aka kafa rumfuna, aka jera kaya a kan tebura duk da jar takarda, karon farko ke nan da aka ga kayan kowa da kowa da fuska ɗaya. Tun jajibiri sanƙira ya zaga unguwanni da lasifika a kan adaidaita, kuma a gaskiya shi ya cika mana fili. A tsakiya aka ɗora kasko biyu, ƙullun ƙosai ɗaya, ɗaya ana soyawa da manmu, ɗaya da man da ake sayarwa a kanti. Masu suya suna bayan labule, ba wanda ya san wane ne wane sai Hajiya Shugaba da ni. Faranti ɗaya an ɗaura masa jan zare, ɗaya baƙi. Mutum ya ci wannan, ya kurɓi ruwa, ya ci wancan, sai a ba shi ƙwayar gyaɗa ɗaya ya jefa a ƙwaryar wanda ya fi masa daɗi. An rufe ƙoren da faifai mai ƙaramar kafa don kada na baya ya ga inda na gaba ya jefa ya bi shi.

Wata tsohuwa daga Tibiri ta ƙi cin ƙosan. Ta ce a ɗiga mata man a bayan hannu, ta murza, ta shinshina, ta ce wannan gyaɗar bana ce kuma ba a ƙona ta wajen suya ba. Ta jefa ƙwayarta ta wuce wajen yaji. Da la'asar aka buɗe ƙore a gaban jama'a, ba a ma buƙaci ƙirga ba, ƙwaryar manmu ta yi tozo, ɗayar ko gindinta bai rufu sosai ba. Guɗa ta tashi. Hajiya Shugaba ta ɗaga kwalba sama ta ce ku dubi jar takardar nan da kyau, duk inda kuka gan ta mu ne. Yara suka riƙa maimaita sunan har bakin titi.

Cinikin ranar ya wuce tsammani. Ƙuli-ƙuli ya ƙare tun kafin azahar, sai da aka aika gida aka ƙaro. Garin zogalen matan Jiratawa bai kwana ba. Masu kilishi sun ce sun yi ciniki irin na jajibirin salla. Abin da ya fi wannan, ƴan kasuwa daga Tasawa da Dakwaro sun karɓi lambar waya, kuma tun daga nan suna aikowa a ɗora musu kaya a mota. Yaranmu na jami'a sun tsaya a ƙofa suna tambayar masu fita sunan da ke kan takarda, mafi yawa suka faɗe shi daidai. Godiya ta musamman ga mai unguwa da ya ba mu fili, da samarin da suka kwashe kujeru har dare, da mambar da ta kawo buhun wake daga rumbunta ba ta karɓi ko dala ba.

Sai dai ko a ranar nan, hannuwan da suka yi aiki su ne dai waɗanda aka saba. Akwai mambobin da ba a ganinsu sai sun ji an ce wasu baƙi za su zo da tallafi ko za a ba da kuɗin zama. Sun zo ranar ɗanɗano da rana tsaka, suka baje kayansu a rumfar da ba su kafa ba, suka tafi kafin shara. Abin da ya fi damuna, an kawo mana kwalba mai jar takarda da man da aka gauraya, wanda ya saya ya dawo da ita yana faɗa. Ba zan kama suna a rubuce ba, mai abin ya san kansa, kuma an yi masa magana. Tambarin nan kamar rijiyar unguwa yake, mutum ɗaya ya jefa ƙazanta kowa ya rasa ruwan sha. Buro zai kawo wa babban taro shawara cewa daga yanzu ba a ba kowa takardar mannawa sai wanda ya biya kuɗin watansa kuma kwamitin mata uku ya duba kayansa.

A shekara mai kamawa za a sake yin tambayoyin nan guda uku, a unguwannin da aka yi su, a lokacin da aka yi su a 2024, don a ga ko sunan ya fara fitowa daga bakin mutane ba tare da an nuna kwalba ba. Littafin jan layi zai dawo, kuma za a riƙa duba shi a kowane taron wata. Ranar ɗanɗano za a maimaita ta, wasu sun ba da shawarar a kai ta Madarunfa ko Gidan Runji, babban taro ne zai yanke. Kuɗin farko da ya shiga asusu na rajistar tambari ne, allo ya biyo baya.

Ma'aji zai manna sunayen masu bashi da adadin watanninsu a ƙofar ɗakin taro sati ɗaya kafin babban taro. Wanda ba ya so a ga sunansa ya same shi kafin nan, yana shagonsa kullum bayan la'asar. Wanda kuma yake cikin wani hali na gaske ya zo ya gaya wa Hajiya Shugaba a keɓe, za a duba.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, Maraɗi